Tsara aiki: yadda za ka san abin da ya kamata ka fara yi

A kowace shekara, idan ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, manoman gari sukan kasu kashi biyu. Wasu suna fita gona tun da asuba, irinsu a ƙwarya, kayan aikinsu a gyare. Wasu kuwa sai a ranar suke zagaya gari neman iri, ko su kai hauya maƙera su tarar da mutum goma a gabansu. Ƙasa mai yashi ba ta riƙe laima da daɗewa. Wanda ya yi jinkirin kwana biyu ko uku zai iya jiran wani ruwan har mako biyu, kuma wannan jinkiri yakan bayyana a rumbu lokacin kaka.

Sau da yawa wanda ya makara ba rago ba ne. Ya kwashe bazara yana aiki, sai dai ayyukan da ya sa gaba ba su ne suka kamata ya fara yi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan bayani zai nuna maka yadda za ka tantance ayyukanka, ka tsayar da buri, ka kuma rubuta jerin aikin da ƙarfinka da lokacinka za su iya ɗauka. Zai amfane ka ko kai manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko malamin makaranta, ko magatakardan ƙungiya.

Mataki na farko: fitar da komai daga kanka

Muddin ayyuka suna cikin kai kawai, duk girmansu ɗaya. Gyaran darni da biyan bashi da kai yaro gidan likita suna zuwa maka a cakuɗe, wanda ya fi damun ka a lokacin shi kake bi.

Nemi littafin rubutu guda ɗaya, ka keɓe shi don wannan aiki. Ka zauna lokacin da gida ya yi shiru, ka rubuta duk abin da ke jiran ka: na gona, na gida, na dabbobi, na sana'a, na zumunci, da bashin da kake bi da wanda ake bin ka. Kada ka tsaya zaɓe tukuna. Rubuta da boko ko da ajami, duk wanda ya fi maka sauƙi. Idan ba ka yi karatu ba, zana alama: zangarniya don aikin gona, akuya don kiwo, allura don gidan likita. Ɗanka ko ƴarka da ke makaranta ma za su iya rubuta maka.

Wataƙila ka sami abu talatin ko arba'in. Kada yawansu ya firgita ka. Dama suna nan, yanzu ne kawai kake ganin su a gabanka.

Mataki na biyu: bambanta gaggawa da muhimmanci

Abu mai gaggawa shi ne wanda ke neman ka yanzu. Abu mai muhimmanci shi ne wanda sakamakonsa zai taɓa abincin gidanka, ko lafiyar iyalinka, ko jarinka, ko mutuncinka. Ana danganta wannan bambanci da Dwight Eisenhower, wanda ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, sannan marubuci Stephen Covey ya yaɗa shi a littafin da ya fitar a 1989, inda ya kasa ayyuka gida huɗu. Ka bi jerinka, ka sa wa kowane aiki lambar gidan da ya faɗa.

1. Mai muhimmanci kuma mai gaggawa. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Ruwan shuka ya sauka. Ciyawa ta fara rufe hatsi. Waɗannan a yau ake yin su, kome kuwa za a bari.

2. Mai muhimmanci amma ba mai gaggawa ba. Zaɓen iri da adana shi, kai taki gona, gyaran rumbu, rigakafin yara da na dabbobi, awon ciki, yi wa jariri takardar haihuwa, zubin asusu. Babu wanda zai buga maka ƙofa a kansu, shi ya sa ake ta ɗaga su.

3. Mai gaggawa amma ba mai muhimmanci ba. Aiken da wani zai iya yi, kiran waya na hira, taron da ba dole sai da kai ba. Ka wakilta wani, ko ka taƙaita.

4. Ba gaggawa, ba muhimmanci. Zaman majalisa daga hantsi har azahar, ko kallon bidiyo a salula har tsakar dare. Hutu da hira suna da amfani, amma a ba su ragowar lokaci.

Ka lura da gida na biyu da kyau, domin yawancin abin da ke gida na ɗaya daga nan ya fito. Rumbun da ba a gyara da rani ba shi ne zai zube cikin Agusta. Yaron da ba a kai rigakafin ƙyanda ba da ya cika wata 9 shi ne za a iya ɗauka da gudu zuwa gidan likita ana tsakiyar noma. Duk awar da ka ba gida na biyu tana rage maka tashin hankali nan gaba.

Idan abubuwa biyu sun yi maka kunnen doki, yi wa kanka tambayoyi uku. Me zai faru idan ban yi wannan ba cikin makon nan? Lokacinsa yana wucewa, ko zai jira? Akwai wani aikin da ba zai yiwu ba sai an gama wannan? Aikin da lokacinsa ke wucewa, da wanda wasu ayyuka ke jira, su ne kan gaba.

Mataki na uku: mayar da fata ta zama buri

"Ina so gidana ya wadata da abinci" fata ce mai kyau, amma ba ta gaya maka abin da za ka yi gobe da safe. Masu bincike kan halayyar aiki, irin su Edwin Locke da Gary Latham, sun daɗe da nuna cewa mutumin da ya tsayar da buri takamaimai yakan yi aiki fiye da wanda aka ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa kawai. Buri nagari yana amsa tambayoyi huɗu: mene ne, nawa ne, zuwa yaushe, kuma da me.

Ga misali. Mu ɗauka gidanka mutum 8 ne, kuna cin tiya 2 ta hatsi a yini. Tiya ɗaya kimanin kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar kusan tiya 40. Ke nan buhu ɗaya zai kai ku kwana 20, a shekara kuna bukatar wajen buhu 18. Idan abin da ka samu da kaka buhu 13 ne, abincin wata 8 da ƴan kwanaki ke gare ka. Wanda ya fara ci a Oktoba, rumbunsa zai ƙare a Yuni, daidai lokacin da aikin gona ya fi bukatar ƙarfi, hatsi kuma ya fi tsada a kasuwa.

Yanzu fatar ta zama buri: "Zan sami buhu 5 na hatsi kafin ƙarshen Fabrairu, tun farashi bai hau ba, da kuɗin wake da na rago ɗaya da zan yi kiwo." Wannan ana iya auna shi. A ƙarshen kowane wata za ka san ko kana kan hanya.

Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, bayan fari da farin ɗango na 2004, sun san cewa akwai shekarar da ta fi ƙarfin lissafin kowa. Amma a shekarun da ba su kai haka ba, gidan da ya san giɓinsa tun Nuwamba yana da wata bakwai na neman mafita. Wanda bai ƙirga ba sai ranar da aka share gindin rumbu zai sani.

Kada ka ɗauki buri fiye da uku a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Sauran ka rubuta su a bayan littafi, su jira lokacinsu.

Mataki na huɗu: fara daga ƙarshe ka dawo baya

Kowane buri yana da ranar da ba ta motsi: saukar ruwa, buɗe makarantu a Oktoba, ranar biyan bashi, babbar salla. Ka sa wannan rana a gaba, ka riƙa tambayar kanka abin da ya wajaba a gama kafin ta, har ka iso yau. Ga yadda shekarar manomi a kudancin Nijar za ta iya kasancewa.

Oktoba zuwa Disamba: girbi, zaɓen zangarniya masu kyau don iri, ƙirga abin da aka samu, biyan bashi, adana wake. Ƙwari suna fara cin wake cikin ƴan makonni, don haka buhun ajiya ya kamata ya zo gida kafin a gama sussuka. Buhun PICS mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba, muddin ledar ba ta huje ba kuma an ɗaure kowane ninki dabam. Idan ƙungiyarku tana jinginar amfanin gona don karɓar bashi, tsarin da ake kira warantaji, a wannan lokaci ne ake kai kaya ma'ajiya.

Janairu zuwa Maris: noman rani ga mai fadama ko rijiya, sayen hatsin cike giɓi, kai taki gona, haƙa ramukan tassa da rabin wata a ƙasar da ta mutu, gyaran rumbu da ɗakuna.

Afrilu zuwa Mayu: sassabe tare da barin ƴan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, gyaran kayan aiki, gwajin iri, sayen takin zamani. Gwajin iri ba shi da wuya: ƙirga ƙwaya 100, sa su cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan ƴan kwanaki ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan kana bin dabarar sa taki ɗan kaɗan a gindin shuka, gram 6 na NPK a kowane rami, hekta mai rami 10,000 tana bukatar kilo 60. Ka san kuɗinsa tun yanzu.

Yuni zuwa Satumba: shuka, noman fari cikin mako biyu zuwa uku bayan tsiro, rage tsiro, maimai. A wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke yawa. Gidan sauro ya kasance a ɗaure, yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 kuma su sha maganin kariya da ake rabawa wata-wata da damina.

Ka tuna cewa watannin Musulunci suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A farkon shekara ka duba inda azumi da sallolin biyu za su faɗa, domin suna taɓa ƙarfin aiki da kuma aljihu.

Mataki na biyar: jerin aikin da zai yiwu

A nan ne mutane da yawa ke karaya. Mutum ya rubuta abu goma sha biyar don yini ɗaya, ya yi huɗu, ya kwanta da baƙin ciki, bayan mako guda ya jefar da littafin. Laifin na jerin ne. Tun 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana cewa ɗan Adam yakan raina lokacin da aiki zai ci masa, ko da ya sha yin irin aikin a baya. Maganin wannan shi ne ka auna da abin da ya faru a zahiri.

A ce kana son haƙa tassa a hekta guda, rami ɗaya a kowace mita. Rami 10,000 ke nan. Kafin ka yi wa kanka alkawari, yi aikin kwana uku ka ƙirga. Idan ka ga rami 100 kake iya haƙawa a yini, hekta za ta ci maka kwana 100 ba hutu, ba kasuwa, ba jana'iza. Kwata ɗaya na hekta kuwa, rami 2,500, kwana 25 ne. Gara ka gama kwata ɗaya, ka zuba masa taki yadda ya kamata, ka ƙara wani baɗi, da ka fara hekta ka bar ta rabi ba taki. Ko kuma ka kira gayya, ka sa abincin ƴan gayya cikin lissafi.

Ga ƙa'idodin rubuta jerin mako da na yini:

1. Manyan ayyuka uku sun isa a yini. Sa alama a kan guda ɗaya wanda idan shi kaɗai ka yi, ranar ba ta tafi a banza ba.

2. Rubuta aikin da hannu zai iya kamawa. "Maganar taki" ba aiki ba ne. "Tambayi mai amalanke kuɗin kai taki sahu 10" aiki ne.

3. Ɗaura kowane aiki da lokaci da wuri. Lokutan salla sun riga sun yanka maka yini: bayan asuba, da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Binciken Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya yanke tun farko yaushe da kuma ina zai yi abu ya fi cika shi a kan wanda ya yi niyya kawai.

4. Aiki mai nauyi da sanyin safiya, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke tsananta. Lissafi da gyaran kaya a inuwa da rana.

5. Bar kashi ɗaya cikin uku na yini ba komai. Baƙo zai zo, za a yi suna, za a yi rasuwa, akuya za ta ɓata. Waɗannan ba su rushe tsari ba, tsarin da bai bar musu wuri ba shi ne mai aibi.

6. Haɗa ayyukan da ke hanya ɗaya. Ranar kasuwa ka sayar, ka sayi buhu, ka ga maƙeri, ka biya gidan likita, duk a tafiya guda.

7. Idan aiki ya yi mako uku yana ƙaura daga jeri zuwa jeri, tsaya ka bincika. Ko dai ya yi girma, sai ka yanka shi. Ko yana jiran kuɗi ko wani mutum, sai ka rubuta wannan a matsayin aikin. Ko kuwa ba ka bukatarsa, sai ka soke shi.

Idan kana da salula, ƙararrawarta za ta iya tuna maka ranar zubi ko ranar rigakafi. Amma littafi ba ya bukatar caji.

Tsarin gida na kowa da kowa ne

Mai gida da ya tsara shi kaɗai yakan lissafa hannun matarsa da na ƴaƴansa kamar ba su da wani aiki. Mace a karkara tana ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta yi daka, ta yi girki, ta kula da yara, ta je gonar gandu, sannan ga gamanarta da sana'arta. Ku zauna tare sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi abin da ke gabansa. A nan za ku ga inda ayyuka suka yi karo, kamar ranar rigakafin jariri da ta faɗo ranar noman fari, ku kuma yanke wanda zai yi wane.

Ke kuma uwar gida, ki sa naki burin cikin littafin, da adadi da rana. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu zuwa ƙasashe da dama, a kan wannan suka ginu: zubi ƙanƙane, a rana sananniya kowane mako, da ranar rabo da kowa ta sani tun farko. Matar da ta san abin da za ta yi da kasonta kafin ranar rabo ba ta cika barin sa ya narke a hidimar biki ba.

Yara ƴan makaranta ma a bar musu lokacin karatu cikin tsarin, kada ya zama kullum su ne ke cike giɓin aiki.

Idan kai ne shugaba ko magatakardan ƙungiya

A taro, bukatar mai babbar murya ce takan zama ta farko. Ga hanyar kauce wa haka. A lissafa bukatun gari ko na ƙungiya, a zana wa kowace da'ira a ƙasa da alamarta: rijiya, bankin cimaka, injin niƙa, ajin yaƙi da jahilci. A ba kowane mutum tsakuwa 10 ya rarraba yadda ya ga dama. Mata su jefa nasu dabam, matasa ma haka, sannan a kwatanta. Inda aka sami bambanci, a tattauna dalili kafin a yanke.

Bayan an zaɓi abu biyu ko uku, a rubuta a babbar takarda: aikin, wanda zai yi shi da sunansa, ranar gamawa, da abin da zai ci. Aikin da aka ce na kowa ne ba mai yin sa. A buɗe kowane taro da karanta abin da aka ɗauka a taron baya, kowa ya faɗi inda ya kai.

Idan tsari ya rushe

Zai rushe wata rana. Ruwa zai yi jinkiri, shuka za ta ƙone a sake, ciwo zai shigo gida, farashi zai juya. Mai tsari yana da abin da zai koma ya duba, ya ga abin da za a ɗaga da abin da ba ya ɗaguwa. Saboda haka ka keɓe rabin awa kowane mako, misali ranar Juma'a da yamma, ka amsa tambayoyi uku: me na gama, me ya hana ni sauran, mene ne manyan ayyuka uku na mako mai zuwa. Ka ja layi a kan abin da ka gama, domin ganin layukan yana ƙara ƙarfin gwiwa. Da kaka kuma ka duba shekarar gaba ɗaya, ka rubuta kwana nawa kowane babban aiki ya ci, don lissafin baɗi ya fi na bana daidai.

Koyon cewa "ba zan samu ba yau, amma zan zo jibi bayan la'asar" yana cikin tsari. Wanda ya amsa wa kowa, ya kasa cika wa kowa, ya fi ɓata zumunci a kan wanda ya faɗi gaskiyar lokacinsa.

Yau da dare, bayan isha'i, ɗauki littafi ka rubuta duk abin da ke jiran ka. Ka ƙirga abin da ke rumbu, ka raba shi da abin da gidanka ke ci a yini. Sannan ka zaɓi aiki ɗaya daga gida na biyu, wanda ka daɗe kana ɗagawa, ka rubuta ranar da za ka yi shi da lokacin.